Lambar da ke Bangon Gareji

Dubu ɗari da ashirin muka yi da shi. Na faɗa sau biyu, na sa shi ma ya maimaita da bakinsa, don na san halin masu gyara: ka kai musu mota tana tari, su dawo maka da labarin ciwon hanta. Zafi kawai motar take yi. Lagireto ya huje, ruwa ba ya zama, sai kuma ɗan abin da zafin ya ƙona a saman inji. Kawu Ba-Gaggawa ya leƙa, ya shafa, ya shinshina yatsunsa, ya ce dubu ɗari da ashirin za su isa har da kuɗin hannunsa.

"Kawu, ko sisi kar ta hau a kai," na ce. "Ba ni da ita."

"Auta ke nan," in ji shi. "Kin taɓa jin na cuci gidanku?"

Ban taɓa ji ba, gaskiya. Ba kawuna ne na jini ba, bakaniken Baba ne tun ina 'yar firamare, kuma ya samu sunan nan ne saboda in kana sauri gara ka nemi wani garejin. Kusoshi huɗu sai ya yi rabin awa yana ɗaure su yana ba ka tarihin kowanne. Amma abin da ya ɗaure ba ya kwancewa. Na miƙa masa mukulli ranar Juma'a da yamma, na kama hanya a ƙasa.

Ba rowa ce ta sa nake ƙirga sisi ba. Akwai wasu dubu ɗari uku a asusuna waɗanda ko a mafarki ba na taɓawa, kuɗin aikin idon Baba. Yanar ido ce ta rufe masa idanu, na hagu gaba ɗaya, na dama kuma sai inuwa-inuwa. Asibitin ido sun ba mu ranar Talata ta sama, da sharaɗin a biya kafin Juma'a mai zuwa ta fita. Wanda bai biya ba sunansa ya koma ƙarshen layi, layin kuwa wata bakwai ne. Baba yana da shekara saba'in da takwas, wata bakwai ba ƙaramin bashi ba ne a ɗauka daga hannun mai wannan shekarun.

Wata goma sha huɗu na yi ina tara kuɗin nan daga albashin mai kula da sito a kamfanin roba. A watannin nan duk abin da ya lalace a gidanmu amsarsa ɗaya ce. Famfon banɗaki yana ɗiga, bayan aikin ido. Takalmina ya buɗe baki, bayan aikin ido. Har ta kai in na ɗauko maganar sai Baba ya ƙarasa mini ita.

Motar ta Baba ce. Direban babbar mota ne shi, shekara talatin da ɗaya a kan hanya, da ya sauka ya sayi wannan 'yar ƙaramar da kuɗin sallamarsa. Shekara uku da suka wuce ya daki ginshiƙin ƙofar gida da ita da rana tsaka, ginshiƙin da shi ya tsaya aka gina. Ni da yayana muka zaunar da shi muka karɓi mukulli. Bai yi gardama ba, ya dai daɗe yana juya shi a tafin hannu kafin ya saki. Don mu sanyaya masa zuciya Yaya ya ce, "Baba, mota taka ce har gobe, Auta direbarka ce kawai." Takardu ma muka bar su da sunansa. Yaya ya koma garin da yake aiki, ni aka bar ni da mukulli da mai mota.

Tun daga nan Baba ya koma kujerar gefe, yana karkata kai kamar mai sauraron gulma ta bayan katanga. Ba a yin tafiyar minti goma bai yi magana ba.

"Auta, tayar gaba ta dama tana ƙorafi."

"Na ji, Baba."

"Birkin nan sai kin taka sau biyu yake kamawa."

"Bayan aikin ido, Baba."

Sai ya mayar da fuskarsa ga tagar da ba ya ganin komai ta cikinta.

Kwana biyar ɗin da motar ta yi a gareji na ɗanɗana kuɗata. Kamfaninmu can bayan gari yake, sai ka sauka wani dogon gangare da ya ƙare a bakin wata siririyar gada inda manyan motoci ke cunkushewa. Ba motar haya da ke zuwa kai tsaye. Uku nake hawa da safe, uku da yamma, ta ƙarshen ma sai ta cika take tashi. Sau biyu na makara, shugaban sashenmu ya duba agogo ya duba ni, ya ce na uku takarda ce. A ƙofar kamfani kuma ake karɓe wayoyinmu a kulle a akwati sai an tashi, don haka ko duniya na cin wuta ba zan sani ba sai ƙarfe biyar.

Ranar Laraba na roƙi izini na fita ƙarfe uku. Garejin Kawu rumfar kwano ce mai rami ɗaya, ƙasa ta yi baƙi da man shekaru, sai wata tsohuwar kujerar mota da aka jingine wa baƙi. Bangon baya cike yake da rubutun alli, lambar mota a sama, lambar waya a ƙasa, layi-layi har kusa da rufi. Motarmu na tsaye a bakin rumfa an wanke ta tas, har tayoyi suna sheƙi. Nan na san da magana. Kawu ba ya wanke motar dubu ɗari da ashirin.

"Ga 'yar Baba," ya ce yana goge hannu da tsumma. "Zo ki ga amarya."

Ya miƙo mini wata takarda da ya yago daga littafin makaranta, gaba da baya duk rubutu. Ban karanta layukan ba, idona ƙasa ya sauka kai tsaye inda ya ja layi biyu. Dubu ɗari huɗu da goma.

Na ɗauka takardar wani ya ba ni. Na juya ta, na ga lambar motarmu a sama.

"Kawu, wannan mene ne?"

"Aikin ke nan gaba ɗaya. Lagireto da saman inji, sai bututun man birki duka huɗu, takalman birki, tukunyar man, sandar sitiyari ta dama, shokozoba na gaba guda biyu, tayoyi biyu, sai hon."

"Nawa muka yi da kai?"

"Ɗari da ashirin."

"Sau nawa na faɗa?"

"Auta, zauna mana."

"Ba zan zauna ba! Kai da bakinka ka maimaita. Na ce ko sisi kar ta hau, ka hau mini da ɗari biyu da casa'in? A ina zan haƙo su, a ramin nan naka?"

Muryata ta fita har mai facin taya na gefe ya daina buga guduma. Ban damu ba. Na gaji da zama mai kunya, kunya ba ta taɓa biya mini komai ba. Na ce masa ya kwance duk abin da ban sa shi ba, ya mayar mini da tsofaffin kayana, in ya so motar ta yi ta ƙara kamar injin niƙa, ni na saba.

Ya shiga ciki ya jawo wani buhu ya zazzage a gabana. Haka yake aiki tun asali: duk abin da ya cire daga motarka, ko 'yar kusa ce, sai ya tara maka a buhu ka tafi da abinka. Ya tsinci wani siririn bututu ja da tsatsa ya sa mini a hannu.

"Lanƙwasa."

Ban ko yi ƙarfi ba ya karye, garin tsatsa ya zube mini a kan takalmi.

"Ta nan man birkinki yake bi," ya ce. "Sauran ukun ma ga su, yayyensa ne. Shokozoba zan iya cire miki, taya ma. Wannan kuwa ko da bindiga kika zo ba zan mayar ba."

Gani ya kori ji, amma bai kori fushina ba.

"To ai sai ka kira ni! Kwana biyar, Kawu. Ko waya ba ta shiga, saƙo fa?"

Ya dube ni da mamaki na gaske, kamar na ce masa mota da ruwa take tafiya.

"Ai na kira. Kullum sai na kira. Ni ba na ɗaura kusa ɗaya sai na tambayi mai mota."

Ya nuna bango da sifana. Na bi hannunsa. Can sama, a layin da allin ya fara dushewa aka sake bin sa, ga lambar motarmu. A ƙarƙashinta ga lambar Baba. Shekara ashirin da biyu tana wurin, kuma ban taɓa tunanin in ce ya ƙara tawa ba. Duk zuwan da nake yi canjin baƙin mai ne, ina tsaye ake yi in biya in tafi.

"Ranar Asabar da na shiga rami na ga birkin, na kira Baba Direba," in ji Kawu. "Kafin in buɗe baki shi ya fara lissafa mini. Ya ce duba tayar dama, na duba, sandar ta kusa fita. Ya ce duba tukunyar mai, na duba, tana yoyo. Mutumin nan yana zaune a gida yana gaya mini abin da nake kallo da fitila. Duk abin da na faɗi kuɗinsa sai ya ce in saka. Abu ɗaya kawai ya gindaya mini."

"Me?"

"Ya ce kar in wuce ɗari huɗu da goma. Ban kuwa wuce ba."

Sai a nan na zauna a kujerar baƙin. Ɗari da ashirin na gyara, ɗari uku na ido, ɗari huɗu da ashirin ke nan. Tsohon nan ya san abin da ke asusuna har sisi, don ni nake karanta masa saƙon banki duk ƙarshen wata in ƙarfafa masa gwiwa. Ya bar mini dubu goma in sha mai.

Da na gaya wa Kawu kuɗin mene ne, tsumman ya faɗi daga hannunsa. Ya yi salati, ya tsuguna a bakin rami.

"Wallahi ce mini ya yi ku da yayanki kun haɗa. Da na sani, da na biyo ki har kamfani."

Ya ce kuɗin hannunsa dubu talatin da biyar ne, in bar su sai ranar da na samu, ko ba ranar. Amma kayan a wurin mai shago ya karɓo su da alkawarin Asabar, kuma abin da aka riga aka ɗaura wa mota ba shagon da ke karɓarsa. Na so in ci gaba da faɗa, na rasa da wa. Mutumin bai saci komai ba. Mai mota ya tambaya, mai mota ya amsa.

A hanyar gida na kira Yaya. Yayana Allah Ya hore masa shawara, ita ce ba ta taɓa yanke masa ba. Ya ce in bar motar a can. Na ce da me zan je aiki. Ya ce in sayar da ita. Na ce takardu da sunan wa suke. Ya ce to in zauna in yi wa Baba magana a hankali, kar in ɗaga masa murya, tsoho ne. Sannan ya ce kuɗin makarantar yara ya zo masa a wuya, amma zai gani ƙarshen wata. Na kashe wayar tun yana ce mini in yi haƙuri.

Na tarar da Baba a baranda, rediyonsa a cinya a kashe. Bai taɓa kashe rediyon nan da yamma ba. Tun ina buɗe ƙofa ya ɗago.

"A ƙasa kika dawo," ya ce.

"A ƙasa na dawo."

"Kin ga buhun?"

"Na ga takarda, Baba. Na ga ɗari huɗu da goma."

Na ajiye jaka na tsaya a kansa. A gidanmu ba a tsayawa a kan Baba a yi magana, amma ranar ƙafafuna sun ƙi lanƙwasuwa.

"Me ya sa ka yi mini haka? Wata goma sha huɗu. Ka san abin da na ci da wanda ban ci ba. Saura kwana biyu in biya, saura kwana shida a buɗe maka ido, ka ɗauki waya ka mayar da su ƙarfe?"

"Ranar da kika kai ni awon ƙarshe," ya ce a hankali, "kin biya ta kamfaninku ɗaukar takarda. A gangaren nan kin taka birki ya nitse. Kin taka na biyu ya nitse. A na uku ya kama. Akwai babbar mota a gabanmu, na ji hucin salansarta a fuskata."

"Ai ya kama."

"Kin daina numfashi, Auta. Na ƙirga, har muka hau gada ba ki ja iska ba. Sannan kika ce mini wai rami kika kauce wa."

Na ɗauka na ɓoye wannan ranar da kyau.

"Shekara talatin da ɗaya ina kan hanya. Na sha tsayawa in taya ciro mutane daga ƙarƙashin gada. Na san kukan motar da ta gaji da mai ita. Kullum ƙarfe shida da rabi kina fita ina jin ki har kwanar layi, daga nan sai in zauna da rediyo ina jiran labarin hatsari."

"To ai sai ka gaya mini!"

"Sau nawa?"

Ya faɗi kalmomin nan biyu ba da faɗa ba, ya jira. Amsar tana bakina, ita ce dai wadda yake ƙarasa mini kullum, na haɗiye ta.

"Gobe zan je asibiti in biya," na ce. "Motar ta ruɓe a can. Kawu ya san yadda zai yi da mai shagonsa."

"Ki jefa bawan Allah cikin bashi saboda ya ji maganata? Aikin naki fa? Kin ce na uku takarda ce."

"Zan tashi ƙarfe huɗu."

"Ko kin biya ba za ni ba. Takardar aikin nan sai na sa hannu, likita ya faɗa a gabanki. Ido nawa ne. Mota ma ku kuka ce tawa ce har gobe."

Nan abin ya ƙwace mini. Na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa ko matashin kaina ba.

"Baba, na gaji. Ka ɗauka don kai kaɗai nake tara kuɗin nan? Na gaji da ƙirga maka ƙwayoyin magani a hannu. Na gaji da kwashe kujeru daga hanya kafin in fita. Na gaji da tunanin ko ka bar gas a kunne ina can ina ƙirga bokitai a sito. Ina so ka ga hanyar banɗaki da kanka, in yi barci ɗaya cikakke. Talata nake jira kamar mai jiran fita daga kurkuku, ka zo ka ƙara mini wata bakwai!"

Da na rufe baki kunya ta lulluɓe ni. Na jira ya ce in fita daga gabansa. Sai ya lalubi maɓallin rediyo, ya shafa shi, bai kunna ba.

"Na sani," ya ce. "Ina jin yadda kike ajiye kofi."

Na zame na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Maƙwabciyarmu tana can tana kwashe shanya, famfon banɗaki yana ɗiga, ina jin sa daga baranda.

"Ban ce na kyauta miki ba," in ji Baba. "Kuɗinki ne, guminki ne, na kashe ba da izininki ba, har na yi wa Ba-Gaggawa ƙarya da furfurata. Da na tambaye ki kin san abin da za ki ce. Wata bakwai a duhu zan iya, na saba da ɗakin. In aka kira ni daga gadar nan kuwa, me zan yi da ido? Me zan kalla da shi?"

Na share hanci da bakin mayafi.

"To hon fa? Dubu shida. Shi ma birki ne?"

Ya ɗan yi murmushi, na farko a ranar.

"Wannan kam son zuciya ne. Mota ba murya kamar akuyar da aka shaƙe, ina jin kunya in kin danna."

Ranar Alhamis na je aiki a motoci uku, na isa saura minti biyu. Na tambayi ofishin kuɗi ko ana ba da rance, matar ta ce sai sabuwar shekara, ta miƙo mini fom in cika in ajiye. Na ninke shi na sa a jaka. Da yamma na sake gwada Baba, a hankali wannan karon, yadda Yaya ya ce. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko akwai sauran shayi.

Juma'a da safe na ɗauki hutun rabin rana. Na fara zuwa asibiti ni kaɗai. Na bi layi minti arba'in don in gaya wa wani mutum ta taga cewa ba za mu biya ba. Bai ko ɗago kai ba, ya ja layi a kan sunan Baba, ya buɗe wani shafi can gaba ya rubuta shi a ƙasa, ya ba ni kati da sabuwar rana. Wata goma sha huɗu na yi ina hawa, shi bai yi minti ɗaya ba ya sauko da ni.

Baba ya ce ƙafarsa ƙafata zuwa gareji. Na same shi ya sa rigar da yake sawa zuwa asibiti, ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa. A gareji Kawu ya taso da sauri, abin da ban taɓa gani ba, ya riƙe hannuwan Baba biyu.

"Baba Direba, ka sa ni a tsaka mai wuya."

"Na sa ka. Ka yafe ni."

Na tura kuɗin ta waya, ɗari uku da saba'in da biyar, ina kallo asusun ya koma kamar ba a taɓa tara komai a ciki ba. Kawu ya ɗaure buhun tsofaffin kaya ya sa a but ɗin motar. Sannan ya ɗauko guntun alli, ya jawo wata tsohuwar taya ya taka, ya tsaya a gaban bango.

"Auta, faɗo lambarki in sa a ƙarƙashin ta Baba."

"Goge tawa," in ji Baba.

Kawu ya waiwayo.

"Goge ta, Ba-Gaggawa. Na yi cinikina na ƙarshe. Mai mota ga ta nan."

Kawu ya lashi babban yatsansa ya goge. Allin ya shige cikin siminti, sai da ya bi sau uku, duk da haka inuwar lambobin ba ta fita ba. Ya rubuta tawa a kai. Baba yana tsaye yana fuskantar wani bangon daban, ba wanda ya juya shi.

Da muka shiga mota na ɗauka gida za mu. Baba ya ce in bi hanyar kamfani. Na ce akwai nisa, kuma in na cire bashin Kawu, man dubu goma ya bar mini. Ya ce ya sani, shi ya lissafa.

Motar ta zama baƙuwa a hannuna. Sitiyari ba ya rawa, ramuka suna wucewa ƙarƙashinmu ba tare da haƙorana sun haɗu ba. Haushi ya sake kama ni, don ban so ta yi daɗi haka ba. Baba ya karkata kai yadda ya saba, hannunsa ɗaya a kan gwiwa, ɗayan a jikin ƙofa. Muka wuce kasuwa, muka wuce gidan mai, muka fita gari, bai ce uffan ba. Muka hau kan gangaren, ga gadar can ƙasa da manyan motoci biyu suna rarrafe a bakinta.

"Sake ta," ya ce.

Na ɗaga ƙafa, motar ta ɗauki gudu.

"Taka."

Na taka sau ɗaya. Ta kama nan take, ta riƙe mu, ba nitsewa ba karkacewa, muka gangara a hankali muka bi bayan babbar motar.

"Kin ji?" in ji Baba.

Na kasa kunne. Iska ce kawai da ƙarar taya a kan kwalta.

"Ban ji komai ba."

"To shi na saya."

Katin asibitin yana kan allon gaban motar inda na jefa shi, sabuwar ranar tana kallona. Hawaye suka zubo, na bar su, ban ja hanci ba, ban motsa kafaɗa ba, don kar ya sani. Gadar ta fara narkewa a idona.

Baba ya lalubi aljihunsa ya zaro hankici, ya miƙo shi ta inda yake zaton fuskata take.

"Share, Auta, ki dubi hanya," ya ce. "Mutum ɗaya da ba ya gani ya ishi motar nan."